Rabin Daƙiƙa na Shiru: Abin da Ke Yanke Murya a Dandamalin Barnawa

Wasan kwaikwayon Hausa a baki ƙarfinsa yake. Duk wanda ya tashi yana sauraren Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi a rediyo da talabijin na Kaduna, ko ya kalli marigayi Ƙasimu Yero, ya san cewa dariyar da darasin suna cikin lafazi ne, da karin murya, da kalma guda da aka ajiye daidai gurbinta. Harshen kuwa ba ya jure giɓi. Idan 'yar wasa ta ce, "Kada ka tafi," makirufo ya haɗiye kalmar farko, abin da zai isa kunnen na ƙarshen zaure shi ne, "Ka tafi." Rabin daƙiƙa na shiru ya isa ya juya ma'anar fitowa guda, ya kuma zubar da wahalar makonni da 'yan wasa suka sha wajen gwaji.

A Barnawa, da maƙwabtanta irin su Narayi da Kakuri, yawancin wasannin da ake gabatarwa a zaurukan da aka gina domin biki da taro ake yin su, ko a ɗakunan taro na makarantu da otal-otal da majami'u. Kayan sautin na haya ne, a kawo da rana a kwashe da dare. Idan murya ta fara ɗaukewa, abin da aka saba gani shi ne mai gabatarwa ya bubbuga kan makirufo da yatsa, a harari yaron da ke zaune a bayan miksa, a ƙarshe a yanke hukunci cewa kayan ne ba su da kyau, sai an sayo sababbi. Wannan hukunci yana cin kuɗi, kuma sau da yawa ba ya magance komai. Yankewar murya tana da dalilai ƙididdigaggu, ana iya gano su ɗaya bayan ɗaya, kuma mafi yawansu ranar shiri ake kawar da su. Abin da zaurukan nan suka fi buƙata shi ne mutum guda da aka ɗora wa alhakin sanin abin da ke yawo a iskar zauren, aka kuma ba shi lokaci ya yi aikinsa.

Gidan rediyo a cikin aljihu

Makirufo marar waya ƙaramin gidan rediyo ne. Na'urar da ke hannun ɗan wasa, ko wadda aka ɗaura masa a ƙugu, tana mayar da muryarsa sigina ta watsa a kan wani zango, akwatin karɓa kuma ya kamo ya miƙa wa miksa, daga nan sai lasifika. Ƙarfin da take watsawa da shi yakan kama daga miliwat 10 zuwa 50, wato kaso ƙanƙane na wat ɗaya. Tashar talabijin da dubban wat take watsa nata. Wayar salula da ke aljihun ɗan kallo tana iya kai miliwat 200 idan tana neman sabis. Oba-oba da masu gadi ke riƙewa a bakin ƙofa takan kai wat 4 ko 5. A cikin wannan taro, makirufo shi ne mai ƙaramar murya.

Ga kuma nisa. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin siginar da ke isa akwatin karɓa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Akwatin yana da wani mai tsaron ƙofa a cikinsa, wanda aikinsa shi ne rufe sauti da zarar sigina ta yi rauni ko ta gurɓata, domin kada lasifika ta cika zaure da ƙara. Shirun da 'yan kallo ke ji, sau da yawa wannan mai tsaron ƙofa ne ya yi abin da aka sa shi. Tambayar da ta dace ita ce: me ya raunana siginar, ko wa ya danne ta?

Iskar Kaduna ta sauya

Kaduna garin watsa shirye-shirye ne tun 1962, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin ɗinta, kuma ko sunan unguwar Television da ke kudancin garin ya isa tunatarwa. Yawancin makirufo marasa waya na ƙwararru a zangon UHF suke aiki, inda talabijin ke zaune, suna raɓawa a guraben da tashoshi suka bari. A tsarin da Nijeriya ke bi, kowace tasha tana cin faɗin megahaz 8, ana farawa daga tasha ta 21 a kan megahaz 470.

Waɗannan gurabe sun ragu. Yarjejeniyar Janiba ta 2006 ta tsayar da 17 ga Yuni, 2015 a matsayin ranar da ƙasashen Afirka da Turai za su kammala komawa talabijin na dijital a wannan zango. Nijeriya ta fara da Jos a Afrilun 2016, sai Abuja a Disambar shekarar, Kaduna kuma a Disambar 2017. Ban da haka, StarTimes da GOtv ma ta eriyar ƙasa suke isa gidaje. Siginar talabijin ta dā takan tattara ƙarfinta a wurare kaɗan cikin faɗin tasha, har makirufo ya sami inda zai laɓe. Ta dijital kuwa shimfiɗuwa take yi ta cike faɗin baki ɗaya. Makirufon da ya faɗa cikinta ba lallai ya yi ƙara ba. Zangon tafiyarsa ne zai gajarce, ya yi aiki a gaban dandamali ya ɗauke a bayansa.

Sannan an yanki saman zangon an bai wa wayar salula. Tarukan rediyo na duniya na 2007 da 2012 sun buɗe wa kamfanonin waya yankin megahaz 790 zuwa 862, sannan 694 zuwa 790, kuma a Nijeriya ana gudanar da 4G a waɗannan wurare. Amurka ta haramta makirufo a zangon 700 daga Yunin 2010, ta kuma kore su daga mafi yawan zangon 600 zuwa Yulin 2020. Birtaniya ta kwashe su daga zangon 700 a 2020. Kayan da doka ta hana amfani da su a can lafiyarsu ƙalau, sunan kamfaninsu babba ne, kuma kasuwar gwanjo ba ta tambayar dalilin da ya sa mai kaya ya rabu da kayansa. Saboda haka abu na farko da mai saye zai duba, kafin suna da farashi, shi ne lambobin da aka rubuta a bayan akwatin ko cikin gidan batir. Idan sun haura 694, to ya sani makirufonsa zai yi takara da hasumiyar waya da ke unguwa da kuma ɗaruruwan wayoyin da ke cikin zaure. Araha ba ta ado.

Akwai kuma masu aiki a gigahaz 2.4, waɗanda suka yi yawa saboda sauƙin kuɗi da sauƙin haɗawa. Nan ne mazaunin Wi-Fi da Bluetooth. A zauren da babu kowa suna aiki tsaf. Da zarar baƙi sun cika, kowa da wayarsa, wasu sun kunna rabon data, wasu suna watsa taron kai tsaye a Facebook, sai hanya ta cushe.

Jiki, bango da eriya

Ko da zango ya yi tsabta, sai sigina ta sami hanyar wucewa. Jikin ɗan Adam mafi yawansa ruwa ne, ruwa kuwa yana shanye siginar rediyo. Wannan ne ya sa gwajin ƙarfe huɗu na yamma a zauren da kujeru kawai ke ciki ba ya zama shaida a kan abin da zai faru ƙarfe takwas. Idan akwatin karɓa yana kan tebur a ƙarshen zaure, daidai tsayin ƙugu, to tsakaninsa da ɗan wasa akwai katangar mutane, kuma katangar takan ƙara tsayi duk lokacin da aka miƙe tafi ko liƙi. Haka ma na'urar da aka ɗaura a bayan ɗan wasa, eriyarta a naɗe tana manne da fata mai gumi a ƙarƙashin babbar riga: da ya fuskanci 'yan kallo, jikinsa ya shiga tsakani. Mai riƙe makirufo ta gindi ma haka, domin a yawancin na hannu can eriyar take.

Na biyu shi ne amsa-kuwwa. Sigina tana bugun rufin kwano, da ƙarafan rufi, da rodin da ke cikin ginshiƙai, ta dawo ta hanyoyi da dama. A wasu wurare wadda ta zo kai tsaye da wadda ta kewayo sukan kashe juna. A kan megahaz 600, tsawon igiyar siginar santimita 50 ne, don haka irin waɗannan ramuka 'yan ƙanana ne, taku ɗaya ya shigar da ɗan wasa, taku ɗaya ya fitar da shi. Maganinsu akwatin karɓa mai eriya biyu ga makirufo guda, wanda ke zaɓar wadda ta fi samun sigina a kowane lokaci. A nan akwai tarko: akwatuna masu arha da yawa suna da eriya biyu, amma makirufo biyu suke karɓa, kowanne da tasa guda. Ido yana ganin biyu, aiki kuwa na ɗaya ne.

Gyaran wannan sashe ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A kai akwatunan karɓa gefen dandamali, a ja sautin da kebur zuwa miksa, domin sauti yana jure doguwar tafiya a kebur fiye da siginar rediyo. A ɗaga eriya sama da kawunan mutane, inda za ta riƙa hango ɗan wasa. A fito da ita daga cikin akwatin ƙarfe, a nisanta ta da bango. Idan dole ne a ja eriya da kebur, a tuna cewa siririn kebur irin RG-58 yana cinye fiye da rabin sigina a mita goma. A kuma nisanta ta da allon LED, wanda ya zama ado a kusan kowane babban taro: allon da na'urorin da ke ba shi wuta suna fitar da hayaniyar rediyo, kuma eriyar da aka jingina da shi kamar mai sauraro ne da aka zaunar kusa da injin niƙa.

Idan makirufo suka yi yawa

Taron lacca yana iya wadatuwa da makirufo biyu. Wasan kwaikwayo yakan buƙaci takwas ko goma a kunne lokaci guda, kuma a nan wata matsala ke fitowa wadda hankali ba ya kawowa da kansa. Idan sigina biyu masu ƙarfi suka haɗu a cikin na'ura ɗaya, sukan haifi wasu sababbi. Makirufo a kan 600 da wani a kan 601 za su haifi 'ya'ya a kan 599 da 602. Wanda ya jera makirufonsa a 600, 601, 602, 603 domin tsari ya yi kyau, ya ɗora na uku daidai kan abin da na farko da na biyu suka haifa. Kowanne shi kaɗai lafiya lau. Sai an kunna su tare, musamman idan 'yan wasa suka matso juna a fitowar ƙarshe, rikici ya tashi.

Shi ya sa kamfanoni ke shirya zanguna rukuni-rukuni, waɗanda aka lissafa ba za su taka juna ba. Ƙa'idar ita ce duk makirufon wasa su fito daga rukuni ɗaya. Idan kayan na kamfanoni daban-daban ne, akwai manhajoji na kyauta da ke yin lissafin, irin su Wireless Workbench na Shure. Dole kuma lissafin ya haɗa da baƙin na'urori: na mai ɗaukar bidiyo, na mai kiɗa, na mai gabatarwa da ya zo da nasa, da na zauren da ke maƙwabtaka idan ana wani taro a can. Makirufon da ba a amfani da su kada a tara su a kunne kan tebur ɗaya, kada kuma a kusanto da su eriya ƙasa da mita uku.

Batir da wuta

Dalilin da ya fi kowanne sauƙi shi ne aka fi rainawa. Batirin tocila mai arha yana iya nuna cike lokacin kunnawa, ya faɗi bayan ɗan lokaci, domin makirufo yana jan wuta ba hutawa. Wasa yana buƙatar sabon batirin alkalin, ko mai caji da aka san tarihinsa, aka yi masa lamba. Mai caji bolt 1.2 yake bayarwa, alkalin 1.5, saboda haka idan ba a gaya wa na'urar irin wanda aka sa mata ba, ma'auninta zai yi ƙarya. Ƙurar hunturu da gumin bazara kuma suna shiga mahaɗar siririn kebur na makirufon da ake maƙalawa a kwala, inda ya fi saurin karyewa.

Sai wutar gari. A tsakanin ɗaukewarta da tashin janareta, akwatin karɓa yakan mutu ya sake farkawa, kuma na dijital yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya dawo. Ƙaramin UPS ko inbata da aka keɓe wa akwatunan karɓa da miksa ya isa ya rufe wannan giɓi.

Bincike bi da bi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sauya abubuwa uku lokaci guda, a canja batir, a canja zango, a matsar da eriya, ta yadda ko an dace ba za a san abin da ya yi magani ba. A gaban yawancin akwatunan karɓa akwai ma'auni biyu, RF na sigina da AF na sauti, kuma su ne shaidu.

A fara da kashe makirufon a bar akwatin a kunne. Idan RF ya ci gaba da nuna sigina, wani ne ke zaune a zangon, sai a ƙaura. Idan ya faɗi ƙasa, a kunna makirufon a sa mutum ya zaga dandamali yana magana, har bayan labule da ƙofar shigowa. RF da ke faɗuwa a wuri ɗaya kullum yana nuni ga eriya da abin da ya tare ta. RF a cike amma sauti na yankewa yana nuni ga kebur ko mahaɗa, kuma girgiza su a hankali zai tona asiri. Idan duk makirufo suka ɗauke tare, a nemi abin da suka yi tarayya a kai, wuta ko mai raba eriya. Idan matsala ta bi makirufo guda duk inda aka kai shi, nasa ne. Idan ta tsaya a zango guda ko an sauya makirufo, na iska ne. Wadda ke zuwa bayan awa ɗaya ko biyu, batir ne ko gumi. Wadda ke zuwa da cikar zaure, jikin mutane ne ko wayoyinsu. Kuma duk gwajin nan a yi shi allon LED da fitilu da janareta suna kunne, kowane ɗan wasa sanye da kayan da zai fito da su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wa ke da alhaki?

Mai zaure zai iya cewa shi ɗaki da kujeru ya bayar haya, sauti na mai kaya ne. Mai kaya kuma ya ce awa biyu aka ba shi kafin buɗe ƙofa, bayan masu ado sun gama, kuma an hana shi kafa eriya inda ya so domin kada ta ɓata hoto. Kowannensu yana da gaskiya, kuma a tsakanin gaskiyar biyun murya ke faɗawa. Sai dai mai kaya baƙo ne, yau yana Barnawa gobe yana Malali. Ginin shi ne ba ya tashi, kuma matsalolinsa na rediyo kusan iri ɗaya ne kowane mako: rufi ɗaya, ginshiƙai ɗaya, hasumiyar waya ɗaya. Saboda haka nauyi mafi girma yana kan mai zaure. Kafa eriya biyu na dindindin a sama, da jan kebur mai kyau zuwa gefen dandamali, da keɓe layin wuta, da manna takarda a bango mai ɗauke da zangunan da aka gwada aka ga suna da tsabta, duk wannan aikin sau ɗaya ne, kuma bai kai kuɗin fitilun ado da ke rataye a silin ba.

Mai shirya wasa kuma nasa shi ne ya sa mai kula da sauti cikin kasafi da sunan aikinsa, ya ba shi rubutun wasan, ya kira shi gwajin ƙarshe. Mutumin da ya san wanda zai yi magana a kowace fitowa yana iya buɗe makirufo uku ya rufe bakwai. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ke da reshe a Barnawa, da sashen nazarin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suna da malaman da za su iya haɗa gajeren kwas na 'yan makonni ga matasan da ke wannan sana'a, waɗanda akasarinsu a hannun ubangida suka koya.

Hukuma ma tana da nata. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar kula da rabon zanguna ta ƙasa, NCC na kula da na sadarwa, NBC na kula da na watsa shirye-shirye. A Birtaniya, hukumar Ofcom ta keɓe tasha ta 38, megahaz 606 zuwa 614, domin makirufo marasa waya, har mai saye ya san abin da zai nema. Abin da zai amfani mai hayar kayan sauti a Kaduna shi ne takarda guda, da Hausa da Turanci, mai nuna tashoshin da ke aiki a garin, da inda makirufo zai zauna lafiya, da inda ba a yarda ya shiga ba, a kuma kai ta hannun 'yan kasuwar da ke shigo da kayan.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ta riga duk waɗannan: shin kowane ɗan wasa yana buƙatar makirufo? Dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda Steven Ehrlich ya zana a tsakiyar shekarun 1970 aka gina da ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, an tsara shi ne ta yadda ɗan kallo zai zauna kusa da ɗan wasa. Zauren biki mai tayil da gilashi da ƙugin na'urar sanyaya ɗaki ba zai ba da wannan ba, amma darasin yana nan. Mai ba da labari da ke tsaye wuri ɗaya, da mawaƙi, da mai jawabi a mumbari, makirufo mai waya ya fi musu aminci. Kowane ɗaya da aka cire daga iska ya rage wa sauran cunkoso. Kuma ko da komai ya tafi daidai, a ajiye mai waya guda a gefen dandamali, a haɗe, an gwada shi.

Ɗan kallon da ya biya kuɗin shiga bai san megahaz ba, kuma ba a buƙatar ya sani. Abin da ya sani shi ne ko ya ji ko bai ji ba, kuma a kan wannan yake yanke shawarar dawowa. Garin da ke son wasan dandamali ya sake samun masu kallo dole ne ya ɗauki mai kula da sauti a matsayin ɗaya daga cikin 'yan wasa, a shigo da shi tun ranar da aka fara karatun rubutu, a biya shi hakkinsa, a kuma ba shi zauren awanni kafin baƙo na farko ya iso.